Ga rana ƙwal, ga gida ba wuta

Ƙannena masu sabon gida, kafin ku kira mai haɗa sola, ku saurari wanda ya yi asara sau biyu.

Bayan cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagare ni, sai na ɗora farantin sola shida a kan kwanon gidana a Rijiyar Zaki, Kano. Batir kuwa na ce ba na so. Na sha kallon bidiyon mutanen Jamus da Amurka suna cewa ɓarnar kuɗi ne: da rana su tura rarar wuta kan layi a rage musu bil, da dare su jawo. Abin da ban lura ba, su ba kasafai ake ɗauke musu wuta ba.

Ranar da aka fara ɗauke NEPA da azahar, inbata, na'urar da ke juya wutar faranti ta zama ta gida, ita ma ta mutu. Rana na dukan faranti, fanka a tsaye. Na kira injiniyan ina faɗa, ya ce, "Alhaji, ai na gaya maka." Irin wannan inbatar da gangan aka yi ta haka, tana kashe kanta idan layi ya mutu, don kada ta tura wuta ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya. Rarar da nake turawa kuma ko sisi ba a taɓa biyana ba. Da Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu a Oktoban 2024, da uwargida muka riƙa kai waya caji gidan maƙwabci.

Sai na koma inbatar haibirid, mai aiki da faranti da batir da layi duka, da batir mai ruwa guda huɗu, kowanne 12V 200Ah. A takarda kilowat-awa 9.6 ke nan, wato yunit 9.6 a mita, amma irin wannan batir rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Ni kuwa guga da dare, jan ruwan burtsatse da dare, sai inbata ta yi kuka nake tsayawa. Na kuma jibge su a sito, ƙarƙashin kwano ba silin, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ruwan batir sai na tuna nake ƙarawa. Shekara ɗaya da rabi, ko sallar isha'i ba sa kai mu. Araha ba ta ado.

Yanzu lissafin dare nake fara yi. Fanka uku, kowacce wat 70, awa goma, kilowat-awa 2.1 ne. Ƙara firji da ƙwayaye, gidana bai wuce huɗu ba. Batirin lithiyom ɗaya mai kilowat-awa biyar ya riƙe mu, don shi ana cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma ba ruwansa da ƙarin ruwa. Yana da tsada, na yi wata bakwai ina tara kuɗinsa. Guga, famfo da daskarar da ƙanƙara duk sun koma tsakanin hantsi da la'asar.

Idan kana layin Band A, wanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 kullum, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, kuma wutar tana zama, ƙaramin batir ya ishe ka, faranti su rage maka bil da rana. Mai shago da ke rufewa da magariba shi ma haka. Batirin kuma a ɗaki mai iska, ba sito ba. In hunturu ya shigo, a riƙa wanke ƙurar faranti da sassafe kafin su yi zafi. Ni ɗan autana nake ba ɗari biyu duk Asabar.