Duwatsun sanyaya wuski: abin da na gani da na yi amfani da su

Na fara ajiye duwatsun nan a firiza ne saboda ƙanƙara tana gaggawar tsinka mini wuski. Kafin in kai rabin kofi ta narke, ɗanɗanon ya yi salam. Duwatsun ƙanana ne masu kusurwa huɗu, yawanci ana sassaƙa su daga wani dutse mai laushi da santsi da ake kira soapstone, akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa masu ruwa a rufe a cikinsu. Tunda ba sa narkewa, ba sa ƙara wa wuski ko ɗigon ruwa.

Abin da na fara lura da shi shi ne sanyinsu bai kai ko kusa da na ƙanƙara ba, kuma akwai dalili. Giram ɗaya na ƙanƙara yana zuƙe zafi jul 334 a lokacin narkewa kaɗai (jul shi ne ma'aunin yawan zafi). Giram ɗaya na dutse kuwa bai wuce kusan jul ɗaya yake ɗauka ba a kan kowane digiri da ya ɗumama. Idan ya fito daga firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, ya hau zuwa 15, abin da ya zuƙe bai fi jul talatin da 'yan kai ba. Wato ƙanƙara ta ninka shi kusan sau goma. Wanda yake son wuski mai sanyi ƙarara, ya nemi babban ƙullin ƙanƙara.

Ni kuwa wannan ɗan sanyin ne ya yi mini. Wuski ya fi bayyana ƙamshinsa a tsakanin digiri 15 zuwa 18. Idan ya yi ɗumi, barasar ce ke fara bugun hanci ta danne komai. Idan sanyi ya yi yawa, ƙamshin ya kwanta. A ɗaki mai zafi, duwatsu biyu ko uku suna sauko da shi kaɗan, yajin nan na maƙogwaro ya lafa, ƙamshin itacen gangar da aka adana wuskin a ciki ya fito. Sai dai cikin 'yan mintuna ƙarfinsu ke ƙarewa, shi ya sa nake zuba kaɗan, kuma nake sanyaya kofin tukuna, don gilas mai kauri yana cinye sanyin da ya kamata wuskin ya samu.

Ruwa ma yana da aikinsa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Linnaeus ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa sirka wuski da ruwa yana tura sinadarin guaiacol, mai ƙamshin hayaƙi, zuwa saman kofi inda hanci zai same shi. Da duwatsu ni nake yanke yawan ruwan: ɗigo kaɗan da cokali, musamman ga wanda barasarsa ta haura kashi 46 cikin ɗari.

Kula da su ba wuya. Ina wanke su, in bari su bushe sarai, in sa su a jakarsu kafin su koma firiza na awa huɗu aƙalla, don kada su kwaso warin abinci. Wajen sakawa ina karkata kofin su gangara a hankali, domin jefa su yana tsaga gilas, kuma ina kiyaye haƙorana lokacin kurɓar ƙarshe.