Kalmar da na tsinta a bakin tekun Helsinki

Na sauka Helsinki, babban birnin ƙasar Finland, a watan Oktoba, cikin wani sanyi da hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. Washegari mai masaukina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin soja, ya ce mu taka zuwa Kaivopuisto, unguwar bakin teku inda ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya da Faransa suke.

Muna tafe yake ba ni labarin shekarun da ya yi a ƙasar waje yana sotilasasiamies. Na tsaya cak.

"Baba, sake faɗa mini."

Ya zaro biro, ya rubuta a bayan wani rasit, sannan ya datsa ta gida uku. Sotilas shi ne soja, kuma daga sota ya fito, wato yaƙi. Nan take na tuna yadda muka ciro mayaƙi daga yaƙi. Asia na nufin lamari ko batu, mies kuwa namiji. In an haɗa biyun sai a samu asiamies, wanda aka damƙa wa wani lamari ya tsaya a kai, wakili ke nan. Gaba ɗayanta: wakilin soja, hafsan da ake turawa ofishin jakadanci don ya zama ido da bakin rundunar ƙasarsa. Ya ce yanzu an fi cewa puolustusasiamies, wakilin tsaro.

Abin ya burge ni ƙwarai. Ƙasar da sai 1917 ta samu 'yancin kai daga Rasha, ga iyakar kilomita 1,340 tsakaninsu har gobe, amma ko sunan wannan muƙami da kayan gida ta gina shi. Kwamfuta ma tietokone suke ce mata, injin sani.

Daga nan idona ya buɗe, duk allon da na gani sai na nemi gaɓarsa. Kaivopuisto ashe lambun rijiya ne. Da yamma muka shiga jirgin ruwa a Kauppatori, dandalin ciniki, kamar minti 15 sai ga mu a tsibirin ganuwar da Suwidin ta fara ginawa a 1748. Kafin dattijon ya buɗe baki na riga shi: Suomi ƙasarsu, linna ganuwa, Suomenlinna. Ya miƙo mini rasit ɗin nan, ya ce in riƙe.