Da galan ɗin ruwa na fara kanikanci

Garejina yana nan bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano: rumfar kwano, rami ɗaya, sai ɗan shagon kayan gyara a gefe. Yara huɗu ke koyon aiki a hannuna. Duk wanda ya shigo layin da tsohuwar Fijo, ko bai tambaya ba wurina za a nuno masa, don yawancin abokan sana'a sun koma kan motocin Japan tuntuni.

Asalin abin daga gida ne. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka faɗo wa a 1975. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo da babur, shi kuwa ya ƙulle nasa, ya jira rancen mota ya fito, ya haɗa ya ɗauko Fijo 504 fara, haɗin Kaduna. Lokacin kamfanin Peugeot na Kakuri bai daɗe da fara aiki ba. Ranar da ta iso, har tsofaffin layinmu sai da suka fito sa albarka, aka raba goro. Ledar kujerun nan kuwa ta fi shekara Baba bai bari an cire ta ba, ga zafin Kano, sai ka sauka cinyarka na ɗigar gumi.

Duk Sallah Zariya muke tafiya gaida kakanni. Titin bai zama tagwaye ba tukuna, hanya ɗaya ce ku da manyan motoci. Inna a gaba da jariri, mu biyar a baya kamar an ɗura gyaɗa a buhu, but cike da shinkafa da kajin da aka ɗaure wa ƙafa. Aikina riƙon galan ɗin ruwan lagireto tsakanin ƙafafuna, kuma ba na yarda kowa ya taɓa min shi.

Wata tafiya, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Fambel ya tsinke. Baba, da ko fulogi bai san inda yake ba, ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon inji yana salati. Can wani bakanike ya taho a keke daga ƙauye, sifana biyu da sukuddireba a aljihun riga.

"Ranka ya daɗe, a bar ta ta huce tukuna. Yaro, kawo ruwan nan."

Ya kwance igiyar da aka ɗaure kwandon kaji, ya murɗa ta, ya zarga a kan fule ya ƙulle tam. Da ya ga motar tana shaƙewa, ya zare kan distirbuta, ya goge kwantak, ɗan ƙarfen da ke sarrafa wutar fulogi, da gefen kwalin ashana, ya zuƙi fetur da baki ya fesa a kafireto. Bugu ɗaya ta tashi. Ni na zuba ruwan, shi yana riƙe min gindin galan. Da igiyar nan muka lallaɓa har Zariya, ana tsayawa ana ƙara ɗaure ta. Tun ranar boko ya fita raina, kuma Baba bai taɓa yafe wa bakaniken nan ba.

Yanzu masu kawo min aiki yawancinsu mutanen karkara ne masu akori-kura, 404 da 504, masu ɗaukar hatsi zuwa Dawanau. Mota ce mai jan baya, ƙasanta da tsawo, tana shan rami ba ta koka ba. Wahalarta kaya. Sababbi na asali sun yi wuya, sai na Beljiyam, ko mu sayi matacciya mu fiɗe ta, mu adana giya da aksul da kan inji. Jabu kuwa ya cika kasuwa, kwali mai kyau, kwantak ɗin ciki ba ya wata biyu. Na gwammace in ce wa mutum babu, ya dawo jibi, da in ɗaura masa abin da zai zubar da shi a daji da buhu ashirin.

Bashi ma wani ciwon ne. Direba zai ce "Oga, sai na dawo daga kasuwa," kasuwar kuma ba ta ƙarewa. Littafi guda gare ni na irin waɗannan.

Yarana sun fi son motar da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta, ban kuma hana su ba, can abincin yake. Amma sabon yaro sai ya yi wata uku yana wanke kafireto da sauraren inji kafin in ba shi sifana.

Motar Baba an sayar da ita bayan 1986, da SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, ta matse ma'aikata kuɗin gyara ya gagara. Wani ɗan tasi ya saya. Akwai lotsawa a ƙofar baya ta hagu, inda na taɓa buga mata keken Yaya na ce akuya ce. Har yau in aka turo farar 504 garejin nan, ƙofar nake fara zagayawa in duba kafin in tambayi mai ita abin da ke damunta.