Ramar da Muka Yi wa Barka

A bara wata ƙawata ta rage kilo 18 cikin wata 4, kuma ina cikin waɗanda suka yi ta yabonta duk lokacin da muka haɗu. Ban taɓa tambayarta yadda ta yi ba, domin na riga na yanke a raina cewa duk wanda ya rage jiki ya yi abin kirki. Sai ranar da jiri ya kwashe ta a gabana ta faɗa mini cewa ta shafe makonni tana cin abinci sau ɗaya a yini, gashinta yana zuba, jinin al'adarta ya ɗauke, kuma sanyi take ji ko da rana ta take. Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshe: har a lokacin, idan ta tsaya gaban madubi, mai ƙiba take gani.

Wannan ne ya sa na koma na binciki abin da ake nufi da nauyin da ya dace da lafiya. Ma'aunin da likitoci suka fi amfani da shi ana kiransa BMI, kuma lissafinsa ba shi da wuya: a ninka tsayin mutum na mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, baligin da ya samu 18.5 zuwa 24.9 yana daidai, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai haɗari. Ga mai tsayin mita 1.65 kamar ƙawata, wannan yana nufin daga kilo 50 zuwa kusan 68, tazarar da ta haura kilo 17. Ita kuwa daga kilo 66 ta faro, ta dire a 48. Ashe tun farko tana cikin lafiyarta, mu ne muka yi ta tafa mata har ta fice.

Shi kansa ma'aunin ba hukuncin ƙarshe ba ne. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 domin nazarin jama'a a dunƙule, kuma sai a 1972 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da muka sani. Ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya kuma nuna inda kitsen ya taru, shi ya sa ake haɗa shi da awon ƙugu, wanda ake so kada ya kai rabin tsayin mutum.

Wannan Keys ɗin ne ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Minesota ta Amurka tsakanin 1944 da 1945, wanda a ganina ya kamata duk mai shirin horar da kansa da yunwa ya san labarinsa. An ɗauki maza 36 masu ƙoshin lafiya, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, har suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, sanyi ya addabe su, suka zama masu saurin fushi da baƙin ciki, zancensu da mafarkinsu duk suka koma na abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Abin mamakin shi ne, wasunsu ba su ga ramar kansu ba, sai suka riƙa ganin mutanen da ke kewaye da su ne suka cika ƙiba. Ke nan yunwa da kanta tana iya gurɓata yadda mutum yake kallon jiki, kuma da na karanta haka na daina mamakin abin da ƙawata take gani a madubi.

Jikin da aka hana abinci ba kitse kaɗai yake ƙonawa ba, har tsoka yake ci, ita ma zuciya tsoka ce. Ƙashi yana raunana, tsakuwa tana iya fitowa a matsarmama, gishirin jini kuma yana rikicewa har bugun zuciya ya hargitse. Dalilin da ya sa ake ba wanda yake da buƙatar rage nauyi shawarar ya tsaya a rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ke nan. Hatta komawa cin abinci bayan doguwar yunwa yana da haɗari idan aka yi shi da gaggawa, don haka aikin likita ne.

Hotunan da ƙawata ta riƙa gwada kanta da su a Instagram ba su taimaka ba, alhali da yawansu an gyara su. Faransa ta ɗauki lamarin da muhimmanci har ta wajabta, tun 2017, a rubuta gargaɗi a kan hoton talla idan an sauya surar jikin wadda ke cikinsa.

Yanzu ƙawata tana ganin likita da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma dawo kilo 55. A watan jiya wata ta ce mata, cikin raha, ta fara komawa gidan jiya. Ta gaya mini cewa a daren nan da ƙyar ta iya cin abinci.