Abin da karatun Ahbash ya koya mini

Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu kan ɗarikun Sufaye da mulki, malamin da ke duba aikina ya ce in ajiye Ƙadiriyya da Tijjaniyya tukuna, in fara da mutanen da ba ni da so ko ƙi a kansu. Haka na tsinci kaina cikin tarihin Ahbash, wata ƙungiyar Musulunci ta Labanan.

Jagoransu, Shehu Abdullahi al-Harari, ɗan garin Harar ne na Habasha. Ya sauka Beirut a 1950, ya rasu a 2008. A fiƙihu Shafi'awa ne, a aƙida Ash'arawa, a tasawwufi kuma sun fi karkata ga Rifa'iyya. Harshensu kaifi gare shi: suna kafirta Ibnu Taimiyya da Sayyid Ƙuɗub, abokan hamayyarsu ma ba sa raga musu. A 1983, ana tsakiyar yaƙin basasa, almajiransa suka karɓi ragamar wata tsohuwar ƙungiyar agaji, Jam'iyyatul Mashari'il Khairiyya.

Na daɗe ina bin littattafansu na aƙida, amma ba su suka bayyana mini siyasarsu ba. Sai da na tambayi wa ke tsaye a bayansu. Sojojin Siriya na cikin Labanan har 2005, kuma gwamnatin Hafiz Assad, wadda ta murƙushe Ikhwan ('Yan'uwa Musulmi) a birnin Hama na Siriya a 1982, tana buƙatar 'yan Sunna masu adawa da Ikhwan. Ahbash sun dace da wannan gurbi. A 1992 ɗan ƙungiyarsu, Adnan Tarabulsi, ya shiga majalisar dokokin Labanan. A 1995 'yan Usbatul Ansar, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, suka harbe shugaban ƙungiyar Ahbash, Nizar Halabi, a Beirut. Inuwar Dimashƙ ta buɗe musu ƙofofi, ta kuma jawo musu gabar da har yau ba ta huce ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na Habasha. A 2011 Musulmin ƙasar suka zargi gwamnatin Firayim Minista Meles Zenawi da kawo malaman Ahbash su horar da limamai ta hannun Majalisar Musulunci, da sunan yaƙi da tsattsauran ra'ayi. Gwamnati ta musanta. Zanga-zanga ta tashi daga makarantar Awoliya ta kai masallacin Anwar na Addis Ababa, kowace Juma'a, cikin lumana. Masu fitowar ba duka Salafawa ba ne. Akwai waɗanda suka tashi cikin zikiri da maulidi, amma suka ƙi yarda hukuma ta zaɓa musu malami. A ganina suna da gaskiya, ko da a ce karantarwar Ahbash ba ta da aibi ko kaɗan. A 2015 kotu ta yanke wa jagororin zanga-zangar ɗaurin shekara 7 zuwa 22.

Da na dawo kan ɗarikunmu, sai na sake tsarin babin: tambayar wa ke ɗaukar nauyin zawiyya, wa ke halartar maulidinta daga gidan gwamnati, ita na sa a gaba.