Okte ɗaya da na manta, da abin da ya biyo baya

Jiya da la'asar na maida makullin biro, na bar aiki. Tunda da yawa cikinku kun yi ta tambayata a WhatsApp me ya haɗa ni da shef, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaitawa. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka sani sun sani.

Kun san aikin da aka ɗora mini a farkon 2024, asemblar nan tamu ta cikin gida (furogiram mai juya umarnin da mutum ya rubuta zuwa lambobin da furosesa ke ganewa) wadda kiliyanmu na waje ke aiki da ita, aka ce in ƙara mata APX, sabon ƙari a kan umarnin furosesa irin x86. Intel ta sanar da shi a watan Yuli 2023, rajista na gama-gari, wato ƙananan ma'ajiyai na cikin furosesa, suka tashi daga 16 zuwa 32, wato r16 har r31. A takardarsu sun ce ɗauko abu daga memuwa yana raguwa da kashi 10 cikin 100, ajiyewa kuma da sama da kashi 20, don abin da a da sai an sauke shi a stak yanzu yana samun wurin zama. To amma furosesa bai san sunan rajista ba, lamba ya sani, kuma gurbin da aka tanada a cikin ModRM, okten da ke faɗin rajistar da umarni zai yi aiki da ita, bit 3 ne kacal tun zamanin 8086 na 1978, bit 3 kuwa ba ya ƙirga ya wuce 8. Da AMD suka kawo 64-bit a 2003 sai suka hito da REX, okte guda, ƴan Najeriya ku ce bayit, daga 40 zuwa 4F, yana shiga gaban umarni riƙe da bit na huɗu. Ni zagi nake ce masa, irin wanda ke gaban dokin Sarkin Damagaram ranar hawan sallah, ba shi ke bisa dokin ba amma shi ke buɗe hanya. Yanzu ana neman bit na biyar, sai aka yi sabon zagi mai okte 2, REX2. Na farkon D5 ne, wanda a da umarnin AAD ne kahin 64-bit ya kashe shi, na biyun kuma shi ke ɗauke da M0, R4, X4, B4, W, R3, X3, B3.

Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, wallahi. Lokacin kuran bai zama, tun da aka yanke layin da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agusta 2023, sai ka ga an kawo shi ƙarhe biyun dare, in tashi in caja ordinater in buɗe takardar Intel da na sauke tun da rana inda rezo ke da ɗan ƙarhi. Sati uku na yi ina zana bit a littahi da biro kamar ɗan lakkwal. Ranar da mov r16, r31 ya hito daidai na hita na sayo wa kowa shayi da burodi.

Ga inda na faɗi. A x86 akwai tsohon tarko guda biyu da duk wanda ya taɓa rubuta asembla ya sani. In gurbin rm na cikin ModRM ya zama 100 kuma memuwa ake nuhi, furosesa ba ya ɗaukarsa a matsayin rajista, yana ɗauka cewa akwai okten SIB, mai bayyana tushe da indeks da ninki na adireshi, a baya. Shi ya sa [rsp] da [r12] dole sai an bi su da 24. In kuma ya zama 101 da mod 00, sai ya ɗauka adireshi ne daga RIP, rajistar da ke nuna umarni na gaba, ya haɗiye okte 4 na gaba, shi ya sa [rbp] da [r13] sai an liƙa musu zero na okte guda. Wanda ya rubuta asemblarmu tun kahin in zo, maimakon ya duba bit 3 na ƙasa, sunaye ya jera: in rsp ne ko r12 ne a sa SIB, in rbp ne ko r13 ne a sa zero. A zamaninsa daidai ne, rajista 16 ne duniyar. Ni na zo na ƙara wasu 16, na gyara tebur, na gyara zagi, ban leƙa wancan layin ba. Alhali r20 da r28 su ma da 100 suke ƙarewa, r21 da r29 kuma da 101.

Saboda haka mov rax, [r20] da ya kamata ya hito D5 18 8B 04 24, mu D5 18 8B 04 muke hitarwa. Okte ɗaya ya ɓace.

Da ma a ce abin faɗuwa yake yi nan take da sauƙi. Amma ku duba abin da ke faruwa in umarnin da ke biye ya fara da 48, wanda kusan duk umarnin 64-bit da shi yake farawa. Furosesa yana jiran SIB, sai ya cafke 48 ɗin nan ya ce shi ne, 48 kuwa in ka warware shi a matsayin SIB ma'anarsa rcx sau 2 a haɗa da tushe 000, ga B4 a kunne, sai ya zama [r16 + rcx*2]. In r16 yana riƙe da adireshi mai kyau, zai karanto wani abu lahiya lau ba ƙorahi. Shi kuma umarni na biyu da aka sace wa zagi ya koma na 32-bit, ya share rabin rajistar na sama ya ci gaba. Furogiram na tahiya, lissahi na hitowa, amma ƙarya ne. Kwana huɗu injiniyoyin kiliyan suna zargin kod ɗinsu kahin su juyo kanmu.

To ina tes? Akwai tes, duk kore ne. Tes ɗinmu shi ne a harhaɗa umarni da asemblarmu, a warware shi da dizasemblarmu, in rubutun ya dawo yadda ya tahi an ci. Sai dai dukansu biyun fonksiyo ɗaya suke kira don sanin ko akwai SIB. Mai harhaɗawa bai sa ba, mai warwarewa bai nema ba, suka yarda da juna. Ko a gaban alƙali ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, mu kuwa a kan irin wannan shaidar muka aika kaya. Waɗanda na gudanar a SDE, kwaikwayon furosesa na Intel, tunda lokacin babu mashin mai APX a kasuwa, da r16, r17 da r31 na rubuta su, na farko da na ƙarshe, ina ganin in baki biyu sun yi tsakiya ma ta yi. Wannan laihina ne ni kaɗai, ban taɓa musu ba, kuma har yau in na ga lamba 20 a kod sai gabana ya ɗan faɗi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne sauran labarin yadda aka ba da shi.

Sati biyu kahin a aika, na same shi a teburinsa bayan azahar. Na ce masa Shef, binutils 2.42, kayan aikin GNU, ya hito tun Janairu kuma ya san r16 zuwa r31, a ba ni kwana uku in rubuta abin da zai gwada duk rajista da duk rajista, a kwatanta okten da muke hitarwa da na gas, asemblar da ke cikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ko kallona bai yi ba, yana danna waya ya ce ƙanena, mu ba Intel ba ne, tes kore ne ko ba kore ba ne? Na ce kore ne amma mu ne muka tambaya mu ne muka amsa. Ya ce kai dai matsalarka son a ce ka iya, kiliyan na jira ranar Litinin, ka ruhe aikin. Mu biyu ne a ɗakin. Ban rubuta masa ko layi ɗaya ba bayan na hita, don a tarbiyyar da aka yi mana in babba ya yanke magana ba ka bin sa da takarda kamar kana tara masa hujja.

Da abin ya fashe cikin azumi ne. Saƙon kiliyan ya shigo wajen sahur, kahin ƙarhe tara shef ya rubuta a gurup ɗin da kowa ke ciki, har da mutanen waje, cewa wani matashin ma'aikaci ne ya aika kod ba tare da ya gwada ba kuma ba tare da ya sanar da shi ba. Bai kama suna ba, amma mutum nawa ne ke taɓa asembla a biron nan? Na karanta ina kan kabu-kabu wajen kasuwar Dole, sai da na ce wa mai mashin ya tsaya in sauka in ɗan zauna.

Daren nan ban je tarawih ba, Allah ya yahe mini. Bayan shan ruwa na zauna da objdump, dizasemblar binutils, ina bin abin da muka hitar okte okte, wajen ƙarhe sha ɗaya na ga wani layi da ban taɓa rubutawa ba, r16 da rcx sau 2, nan take jikina ya yi sanyi don na gane. Gyaran layi biyu ne, a daina jera sunaye, a ɗauki lambar rajista a yi mata and da 7, in 4 ne SIB, in 5 ne zero. Sauran daren na ƙare shi a kan abin nan da na roƙi kwana uku aka hana ni. Tushe 32, indeks 31 tunda rsp ba ya zama indeks, ninki iri 4, ya ba da 3968 ga kowane umarni, kowanne a kwatanta da gas. Kahin asuba ya ƙara tono mini wani kuskuren da ba wanda ya kai ga gani: muna hana r20 zama indeks don mun ɗauka 100 kullum yana nuhin babu indeks, alhali sai in X3 da X4 duk a kashe suke.

Washegari a mitin da kiliyan, shef ya ce ya sa an kafa sabon tsarin kwatanta da binutils, kuma tun farko abin da yake ta nanata wa yara ke nan. Baturen ya yaba masa sosai. Ni ina gehe makirona a ruhe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yayarmu ta wajen kwanta, wato sashen lissahin kuɗi, wadda ta girme mu duka, ta same ni a waje bayan an tashi ta ce ƙanena yi haƙuri, na ji lokacin da ka roƙe shi, ƙohar a buɗe take. Na ce Yaya to ki faɗa mana. Ta yi shiru, ta ce tana da yara huɗu. Ban ga laihinta ba, aiki irin wannan a Zinder ba a kan hanya ake tsintarsa ba. Amma tun ranar na san zamana ya ƙare, wata nawa na ƙara don kawai in gama abin da na fara ne, kada a ce gudu na yi. Wata biyu kuma aka cire mini jika talatin talatin a albashi da sunan asarar kiliyan, kiliyan da bai tahi ko'ina ba, ya ma ƙara mana kwangila.

Ƙannena da ke shigowa wannan layin, in kun nemi lokaci don gwaji aka hana, ku koma tebur ku aika saƙo mai ladabi, Shef kamar yadda muka yi magana, na nemi kaza ka ce a bari. Ba rashin kunya ba ne. Ni ladabin da na yi shi aka yanka ni da shi. Kuma duk wanda ya ce muku tes kore ne, ku tambaye shi wa ya ba da shaidar.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kowanne ya ci mini yini. AH, CH, DH da BH ba sa haɗuwa da REX2 kamar yadda ba sa haɗuwa da REX, lambobinsu na komawa SPL, BPL, SIL da DIL, asembla ta ƙi kawai da saƙo mai ma'ana. REX da REX2 ba sa zama a umarni ɗaya. In ka kunna M0 kada ka sake rubuta 0F, shi ne madadinsa. Umarnin da ke ƙarƙashin 0F 38 da 0F 3A, REX2 ba ya kai wa gare su, sai ta EVEX, wani zagin daban mai farawa da 62. Umarni ba ya wuce okte 15 komai yawan zagin da ka jera masa. Ka tura aikinka git kahin kuran ya tahi, ba bayan ya dawo ba.

Wanda zai gaje ni, na bar maka komai a dosiyen tes. REX2 ya kammala, tun daga daren nan ba a sake samun okte ɗaya da ya saɓa da gas ba, kuma tarihin git na nan da kwanan wata da sunan wanda ya rubuta, kowa na iya dubawa. Abin da ya rage shi ne ɓangaren EVEX: umarni masu gurbi uku da ake ce wa NDD, da NF mai hana taɓa tutoci, da CCMP da CTEST. PUSH2 da POP2 na fara su ban gama ba, ka lura suna son stak ya daidaita a kan 16. Tes ɗin gaba ɗaya yana ɗaukar kusan minti arba'in a tsohuwar mashin ta kusa da taga, batirinta kuma ya mutu, sai ka tabbata an tada gurup, wato janareta, kahin ka kunna shi. Lambata ba ta canza ba, in ka maƙale a SIB ka kira ni bayan isha'i.