Gwajin Amoniya a Jini: Lamba Kaɗai Ba Ta Bayyana Halin Hanta

Na lura cewa masu jinyar mai ciwon hanta sukan riƙe takardar sakamakon gwajin amoniya tamkar ita ce hukuncin ƙarshe, su yi murna idan lambar ta sauka, hankalinsu ya tashi idan ta hau. Wannan gwaji yana da amfani, amma bai kai matsayin da ake ba shi ba.

Amoniya sinadari ne da yake samuwa galibi a hanji, yayin da ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa suke sarrafa furotin ɗin da muka ci. Jini yana kai ta hanta, ita kuma ta mayar da ita yuriya, wadda ƙoda ke fitarwa a fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka gano wannan hanya a 1932. Idan hanta ta ƙandare, kamar yadda ciwon hanta nau'in B da ya daɗe yake jawowa, sai amoniya ta tsallake ta isa ƙwaƙwalwa. A nan ne mutum yake fara barcin rana da farkawar dare, ya manta hanyar ɗakinsa, kuma idan ya miƙe hannuwansa sai a ga tafukan suna faɗuwa suna ɗagowa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda a gidajenmu ake danganta wannan ruɗewa da iskoki, a ɓata lokaci har majinyaci ya shiga dogon suma.

Shi kansa jinin gwajin yana da wuyar sha'ani. Dole a saka shi cikin ƙanƙara, a kai shi ɗakin gwaji cikin abin da bai wuce minti 30 ba, domin idan ya jima amoniyar tana ƙaruwa a cikin kwalbar. Ɗaure damtse na tsawon lokaci, dunƙule hannu da shan taba duk suna iya ɗaga lambar. Bugu da ƙari, akwai masu ƙandararriyar hanta da lambarsu take sama alhali suna cikin hayyacinsu, shi ya sa likita yake dogara da yanayin majinyaci. Gwajin ya fi amfani idan ya fito daidai a wurin wanda ya ruɗe, don hakan yana sa a nemi wani dalilin, kamar ƙarancin sukari ko shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka, abin da mai jinya ya gani ya fi takardar nauyi: ƙullewar ciki, baƙar bahaya mai nuna zubar jini, zazzaɓi, ko shan maganin barci, waɗanda su ne suke yawan tayar da matsalar. Maganin laktulos, wanda ake ba majinyaci don rage amoniya ta hanyar bahaya, ana daidaita shi ne da yin bahaya mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, ba da lambar gwaji ba. Ina kuma roƙo a daina hana waɗannan majinyata wake, ƙwai da nono ba da umarnin likita ba, domin tsokar jiki ma tana rage amoniya, wanda ya rame kuwa ya rasa wannan taimako.